Yadda ake mayar da tsofaffin kibiyoyin linzamin kwamfuta su yi aiki a GTK 4 da Qt 6

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar manhaja zai sabunta fuskarta, sai ya ci karo da wasu ƙananan fayiloli masu ɗauke da zanen kibiyar linzami: fensir, bokitin fenti, almakashi, hannu mai kamu. GTK da Qt kayan gina fuskar manhaja ne. A GTK 2 ana miƙa fayilolin ga `gdk_cursor_new_from_pixmap` ne a wuce wurin. GTK 3 da ya fito a 2011 ya cire wannan kira tare da GdkPixmap da GdkBitmap baki ɗaya, GTK 4 na ƙarshen 2020 kuma ya ƙara da cire jerin GdkCursorType. Yanzu abin da ake karɓa hoto ne mai ja, kore, shuɗi da alfa (ma'aunin yadda ɗigo ke rufe abin da ke bayansa) a kowane ɗigo. Wahalar ita ce tsohuwar kibiya ba hoto ba ce. Zane biyu ne masu bit ɗaya, wato 0 ko 1, a kowane ɗigo, da ƙa'idar haɗa su, da wuri guda da dannawa ke sauka. Wanda ya buɗe fayil ɗaya ya adana shi a PNG ya ɗebo kashi ɗaya ne cikin ukun aikin.

Kafin ka taɓa komai, ware kibiyoyin gida biyu. Idan zanen kibiya ce ta yau da kullum, ko sandar rubutu, ko agogon jira, kada ka ɓata lokaci wajen mayar da shi. Kira shi da suna: `gdk_cursor_new_from_name` da "default", "text", "wait", "crosshair", "grab", "ew-resize" da sauransu, sunayen da CSS, harshen tsara kamannin shafukan yanar gizo, ke amfani da su. A Qt kuwa `Qt::IBeamCursor` da 'yan'uwansa. Jigon mai kwamfutar, wato salon kamannin da ya ɗora wa allonsa, zai kawo zanen a girman da ya zaɓa wa idonsa, ya fi duk abin da za ka cusa masa. Tsohon GDK_LEFT_PTR ya koma "default", GDK_XTERM ya koma "text", GDK_WATCH ya koma "wait". Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe, wato kayan aikin da manhajar kaɗai ke da su, shi ne ya cancanci wahala.

Abin da ke cikin fayil ɗin XBM

XBM, tsohon fayil ɗin zane na X11, tsarin tagogi na Linux da Unix, rubutun harshen C ne zalla, kowace manhajar rubutu za ta buɗe shi. Saman fayil ɗin kamar haka yake:

```
#define fensir_width 16
#define fensir_height 16
#define fensir_x_hot 1
#define fensir_y_hot 14
static unsigned char fensir_bits[] = { 0x00, 0x30, ...
```

Kibiya ɗaya fayil biyu gare ta. Na farko zanen ne. Na biyu, wanda sunansa kan ƙare da `mask`, shi ne ke yanke ɗigon da zai bayyana da wanda ba zai bayyana ba. Mu kira shi rariya, tunda abin da ya bari kaɗai ke wucewa. Ƙa'idar X11 mai sauƙi ce: inda rariya ke da 0, babu abin da za a zana, ko me zanen ya ce. Inda take da 1, zane 1 launin gaba ne, zane 0 launin baya. Yawanci rariyar ta fi zanen kauri da ɗigo ɗaya ta kowane gefe, daga nan ne farin bakin nan da ke kewaye baƙar kibiya yake fitowa. Faɗinsu da tsayinsu kuwa dole su zo ɗaya.

Launukan ba sa cikin fayil. Suna cikin tsohuwar lambar, a wurin da aka kira `gdk_cursor_new_from_pixmap` ko `XCreatePixmapCursor`. Je ka duba, domin akwai manhajojin da suka ba da fari a gaba baƙi a baya, akwai masu ja. GdkColor da XColor suna auna kowane launi daga 0 zuwa 65535, sai ka tura lambar dama da bit 8 kafin ta shiga bait guda, wato bit 8.

Layukan `x_hot` da `y_hot` su ne tsinin kibiyar, ɗigon da tsarin ke ɗauka a matsayin inda linzami yake. Ba dole ba ne su kasance a fayil. In babu su, nemi lambobi biyu na ƙarshe a wancan tsohon kiran.

Abu biyu ne ke kayar da mutane a XBM. Na farko jerin bit. A cikin kowane bait, bit mafi ƙanƙanta shi ne ɗigon hagu. Saboda haka 0x01 ɗigo ne a farkon layi, 0x03 ɗigo biyu na farko, 0x07 uku, wato saman kibiya mai kallon hagu. Kusan duk sauran tsare-tsare akasin haka suke yi. In ka karanta a juye, zanen ba zai juya gaba ɗaya kamar a madubi ba. Kowane yanki mai faɗin ɗigo 8 ne zai juya a inda yake, kibiya mai faɗin 16 ta fito kamar an tsaga ta biyu an manna a karkace. Da ganin wannan siffa ka san cutar. Na biyu cikon layi: kowane layi yana ƙarewa ne a kan cikakken bait, don haka takun layi, wato adadin bait ɗinsa, shi ne faɗi a tara da 7 a raba da 8 a yar da saura. Faɗin 16 bait 2 ne, faɗin 17 bait 3. Wanda ya manta da cikon zai ga zanen yana zamewa gefe, layi bayan layi. In kuma ka ga `short` a maimakon `char`, da lambobi masu gurbi huɗu irin 0x0180, fayil ɗin na zamanin X10 ne, kafin X11 na 1987. A nan cikon bit 16 ne.

Fayil ɗin .cur na Windows

Wannan ba rubutu ba ne, sai da `xxd -l 22 fayil.cur`. Bait 6 na farko kai ne: sifili biyu, sai nau'i, sai adadin hotuna. Nau'i 2 kibiya, nau'i 1 aikon. Daga nan kowane hoto yana da shigarwa ta bait 16. A hoto na farko, tsinin yana bait na 10 da 11 don x, na 12 da 13 don y, ana ƙirgawa daga sifili, ƙaramin bait a gaba. Manhajojin hoto da yawa suna buɗe .cur kamar aikon ne su yar da waɗannan lambobi, shi ya sa ya kamata ka rubuta su a gefe tun kafin ka fitar da hoton. `icotool -l` daga kunshin icoutils yana nuna su, `icotool -x` yana fitar da PNG. Idan kibiyoyin suna binne cikin .exe ko .dll, `wrestool` na wannan kunshi yana tono su. Nau'in albarkatu na 12 shi ne rukunin kibiyoyi.

Bayan shigarwar akwai kan hoto mai bait 40, kuma tsayin da aka rubuta a ciki ninki biyu ne na gaskiya: 64 ga kibiya mai tsayin 32, saboda zane biyu ne aka ɗora kan juna, na XOR, wato zanen, sannan na AND, wato rariyar. Layuka suna farawa daga ƙasa su yi sama, babban bit ne ɗigon hagu, kowane layi kuma ana cike shi zuwa ninkin bait 4. Kibiya baƙi da fari mai 32 sau 32 tana cin bait 326 daidai: 6 da 16 da 40, da 8 na launuka biyu, da 128 sau biyu. In ka ga fayil mai wannan girma ka riga ka san abin da ke ciki.

Rariyar Windows a juye take da ta X11. AND 0 ne ke nufin a zana: da XOR 0 baƙi, da XOR 1 fari. AND 1 da XOR 0 a bar allo yadda yake. AND 1 da XOR 1 kuwa a juya launin abin da ke ƙarƙashi, kuma wannan hali na huɗu shi ne ƙashin bayan matsalar.

Na tsohon Macintosh, albarkatun CURS, bait 68 ne: 32 zane, 32 rariya, 4 tsini, girman kullum 16 sau 16, babban bit a hagu. Tarkonsa ɗaya, tsinin yana fara ba da y ne kafin x. Shi ma zane 1 da rariya 0 juya launi ne.

Ɗigon da ke juya launi

Hoto mai alfa yana iya cewa baƙi, fari, ko wofi, ko wani abu tsakani. Ba ya iya cewa “duba abin da ke bayanka ka zama kishiyarsa”. GTK 4 ba shi da wannan, tsarin Xcursor na kibiyoyi masu launi a X11 ba shi da shi, a Wayland ma, magajin X11, kibiya hoto ce da ake ɗorawa a kan sauran. Amma tsofaffin sandunan rubutu da giciyen auna wuri da yawa an zana su ne kacokan da irin wannan ɗigo, don su fito baƙi a kan farar takarda, fari a kan baƙin allo, da kaurin ɗigo ɗaya tak.

Na'urar da ta mayar da su kai tsaye za ta zaɓi ɗaya cikin biyu, duka kuma asara ce. In ta mai da su wofi, kibiyar ta ɓace ɗungum. In ta mai da su baƙi, tana nan lafiya har sai mai aiki ya kunna jigo mai duhu, daga nan ya dinga karkaɗa linzami yana neman ta. Gyaran da ke aiki shi ne a mai da ɗigon baƙi sannan a yi masa farin baki: bi duk ɗigon wofi, duk wanda ke maƙwabtaka da tsohon ɗigo mai juya launi ka mai da shi fari cikakke. Maƙwabta huɗu, sama da ƙasa da hagu da dama, suna ba da baki siriri. Takwas har da kusurwoyi suna ba da mai kauri wanda ya fi fitowa a kan hoto mai hayaniya. Yi lissafin daga kwafin asali, kada ka yi shi a kan hoton da kake gyarawa, in ba haka ba farin zai yi ta yaɗuwa har ya cika fili. Idan zanen ya taɓa gefen hoton, ƙara ɗigo ɗaya ta kowane ɓangare, 32 ta koma 34, ka kuma ƙara 1 a kan x da y na tsini.

Ga giciyen da ake auna wuri da shi a manhajar zane, farin bakin yana rufe ainihin abin da mutum ke son gani. Bar rami a tsakiya, ɗigo 3 sau 3 wofi, tsinin yana tsakiyar ramin. Wannan ya sauya zanen asali, amma ya riƙe amfaninsa, amfanin kuwa shi ake nema.

Wani tarko ga masu Qt: `QCursor` har yanzu yana karɓar `QBitmap` biyu, kuma `QBitmap::fromData` da tsarin `Format_MonoLSB` yana cin bayanan XBM yadda suke. Sai dai a wurinsa zane 1 da rariya 0 yana ba da XOR a Windows, a sauran tsare-tsare kuma ba a ayyana sakamakon ba. Tsofaffin XBM sukan ɗauki ɓatattun ɗigo a wajen rariya waɗanda X11 bai taɓa nunawa ba shekara da shekaru. Ka yi AND na zanen da rariyar bait bayan bait kafin ka miƙa, ko ka bi ta hanyar hoto mai alfa ka huta.

Mayarwar kanta

Ga XBM zuwa GTK 4, baƙi a gaba fari a baya:

```
static GdkCursor *
mayar_da_xbm (const guchar *zane, const guchar *rariya,
              int fadi, int tsayi, int tx, int ty)
{
  int taku = (fadi + 7) / 8;
  gsize girma = (gsize) fadi * tsayi * 4;
  guchar *digo = g_malloc0 (girma);

  for (int y = 0; y < tsayi; y++)
    for (int x = 0; x < fadi; x++)
      {
        int i = y * taku + x / 8;
        int bit = 1 << (x % 8);
        guchar *p = digo + (y * fadi + x) * 4;

        if (!(rariya[i] & bit))
          continue;
        p[0] = p[1] = p[2] = (zane[i] & bit) ? 0 : 255;
        p[3] = 255;
      }

  GBytes *b = g_bytes_new_take (digo, girma);
  GdkTexture *t = gdk_memory_texture_new (fadi, tsayi,
                      GDK_MEMORY_R8G8B8A8, b, fadi * 4);
  GdkCursor *madadi = gdk_cursor_new_from_name ("default", NULL);
  GdkCursor *k = gdk_cursor_new_from_texture (t, tx, ty, madadi);

  g_bytes_unref (b);
  g_object_unref (t);
  g_object_unref (madadi);
  return k;
}
```

Don bayanan Macintosh ko Windows, `bit` ya zama `0x80 >> (x % 8)`. Na Windows ka ƙara da sauya takun, da karanta layi daga `tsayi - 1 - y`, da juya gwajin rariya da na zane. Tsinin dole ya faɗa cikin hoton. Lamba irin -1, wadda `XReadBitmapFile` ke bayarwa in fayil ba shi da tsini, za ta sa GTK ya yi gargaɗi ya mayar maka da NULL, alhali Qt yana fassara lamba ƙasa da sifili a matsayin tsakiyar hoto ya yi shiru. Shirun ya fi haɗari: fensir zai riƙa rubutu da cikinsa maimakon bakinsa.

Ƙirƙiri kowace kibiya sau ɗaya ka ajiye, sannan ka ɗora ta da `gtk_widget_set_cursor`. Gina ta a duk motsin linzami ɓarnar aiki ce. A GTK 3 hanyar ita ce `gdk_cursor_new_from_pixbuf`, ko `gdk_cursor_new_from_surface` daga 3.10, a ɗora da `gdk_window_set_cursor` bayan tagar ta samu.

Lura da `g_malloc0` a sama: ɗigon wofi sifili huɗu ne. Cairo (kayan zanen da GTK ke amfani da shi), da Xcursor, da GDK_MEMORY_DEFAULT suna ɗaukar launin da aka riga aka ninka da alfa, wato fari mai rabin alfa 128 ne sau huɗu, ba 255 sau uku da 128 ba. In ka bar 255 a ƙarƙashin alfa 0 ka miƙa wa irin wannan tsari, farin akwati zai iya bayyana kewaye da kibiyar. ARGB32 na Cairo kuma lamba ce mai bit 32, a injinan Intel da AMD tana kwance a ƙwaƙwalwa shuɗi, kore, ja, alfa. Da baƙi da fari kuskuren jeri ba ya nuna kansa. Ranar da aka zo kan jar kibiya sai ta fito shuɗiya. A Qt, `QImage` da aka gina a kan ma'ajinka ba ya kwafe shi, sai ka kira `copy()` kafin ka saki ma'ajin.

Wanda ya fi son ya gama da XBM har abada zai iya mayar da su PNG sau ɗaya da manhajar sarrafa hoto ta ImageMagick:

```
magick fensir.xbm \( fensir_mask.xbm -negate \) -alpha off \
  -compose CopyOpacity -composite fensir16.png
```

`-negate` ɗin wajibi ne. ImageMagick yana karanta bit 1 a matsayin baƙi, CopyOpacity kuwa fari yake ɗauka a matsayin abin da za a nuna. In ka manta, za ka samu akwati mai rami da siffar fensir. PNG ba shi da gurbin tsini, don haka ajiye lambobin a tebur cikin lambar manhaja kusa da sunan kowane fayil.

Girma

Ɗigo 16 a allo mai ɗigo 96 a inci kusan milimita 4.2 ne. A allo mai 192 ya koma 2.1, ƙwayar shinkafa ma ta fi shi. Dole a samar da manyan kwafi. Ninka da cikakkiyar lamba, 2 ko 3 ko 4, ta hanyar maimaita ɗigo: `-filter point -resize 200%`. Tacewa mai laushi tana narkar da farin bakin mai ɗigo ɗaya ya zama toka-toka, kibiyar ta yi dishi-dishi a kan kowane launi. Daga 16 zuwa 24 kuwa, ninki ɗaya da rabi, wasu layuka za su yi kauri biyu wasu ɗaya. Wannan girma gara a zana shi da hannu, ko a sake zana kibiyar a SVG in manhajar za ta daɗe.

Tsinin ma yana ninkuwa, amma ba ido rufe ba. Ɗigo na 7 a ninki biyu ya zama ɗigo na 14 da na 15. Ga kibiya mai kallon sama ta hagu, 14 ne daidai. Ga bakin da ke kallon ƙasa, kamar y na fensir ɗin can sama, ɗauki na biyun: 14 ta zama 29, ba 28 ba. Giciye a ninki biyu ba shi da tsakiya ko kaɗan. A ninki uku yana da ita, 7 sau 3 a tara da 1, wato 22.

A Qt, ka ba `QPixmap` babban kwafin ka kira `setDevicePixelRatio`. A GTK 3, `cairo_surface_set_device_scale` a kan hoton kafin `gdk_cursor_new_from_surface`. GTK 4.16 ya kawo `gdk_cursor_new_from_callback`, inda ake gaya maka girman kibiya da ninkin allo kai kuma ka mayar da hoton da ya dace. Ita ce hanyar da ta fi dacewa ga wanda ke jan taga tsakanin allo biyu masu ninki daban.

Idan kuwa jigon kibiyoyi kake haɗawa don dukan tebur ɗin Linux, `xcursorgen` ne abokin aiki. Yana karanta fayil mai layi ɗaya ga kowane girma: girma, x, y, sunan PNG.

```
16 1 14 fensir16.png
32 2 29 fensir32.png
48 4 43 fensir48.png
```

`xcursorgen fensir.conf fensir` zai fitar da fayil guda mai duka ukun, a ajiye shi a `~/.local/share/icons/sunan-jigo/cursors/`. Lamba ta biyar a layi jinkiri ce a milisakan, don kibiya mai motsi. Fayilolin .ani na Windows suna ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin 60 na sakan, saboda haka 6 a can 100 ce a nan.

Gwaji

Yi ƙaramar taga mai fili huɗu, baƙi, fari, toka mai 128 da wani hoto mai launuka da yawa, ka ratsa kowace kibiya a kansu. Sa tagar ta ɗiga jan ɗigo ɗaya a duk inda aka danna, ka ɗauki hoton allo tare da kibiyar ka faɗaɗa shi sau 8: jan ɗigon ya kamata ya zauna a bakin fensir. In ya kauce daidai da rabin nisa ko ninkinsa, an cakuɗa ɗigon allo da ɗigon lissafi wajen ba da tsini. In x da y sun yi musanya, bayanan Macintosh ne aka karanta a jerin da ba nasa ba. In ya koma kusurwar sama ta hagu, tsinin ya zube a hanya ya zama sifili. Maimaita gwajin a ninki 1 da 2, da `GDK_SCALE=2` ko `QT_SCALE_FACTOR=2`, sannan sau ɗaya da `GDK_BACKEND=x11` sau ɗaya da `GDK_BACKEND=wayland`, domin kowannensu da hanyar da yake bi wajen ɗora kibiyar a allo.